Su wa aka nuna, su wa aka bari a baya? Tambayoyi da amsoshi kan fim ɗin The Real Cancun

Shirye-shiryen da ake tara mutane a gida ɗaya, a kafa musu kyamara dare da rana, ba baƙi ba ne a wurinmu yanzu. Ko wanda bai taɓa kallon Big Brother Naija ba ya ji ana gardama a kansa a majalisa ko a Facebook. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, an taɓa ɗaukar wannan salo daga talabijin aka kai shi silima, aka yi cikakken fim da shi a kan hutun bazara na ɗaliban jami'o'in Amurka. Tambayoyin da ke ƙasa a kan wannan fim ne, musamman a kan mutanen da ya ba fili da waɗanda ya tsallake. Tun farko in faɗa, ba fim ne da zan ce wa wani ya je ya nema ba, domin cike yake da shaye-shaye da tsiraici. Na tsaya a kansa ne saboda ya nuna ƙarara yadda kyamara take zaɓen wanda za ta ɗauka a matsayin mutum.

Wane fim ne wannan, kuma su wa suka yi shi?

Sunansa The Real Cancun, wato "Kankun ta haƙiƙa". Kamfanin New Line Cinema ne ya sake shi a gidajen silima na Amurka ranar 25 ga Afrilu, 2003. Rick de Oliveira ne ya ba da umarni, masu shiryawa kuwa Mary-Ellis Bunim da Jonathan Murray, waɗanda suka ƙirƙiro shirin The Real World na tashar MTV, mai irin wannan salo na tara mutane a gida ɗaya, a 1992. An kwashi matasa 16 aka kai su garin Kankun da ke gaɓar tekun Meksiko, aka ajiye su a masauki ɗaya, aka yi kusan kwana 10 ana ɗaukarsu a cikin Maris 2003. Ba a rubuta musu abin da za su faɗa ba. Cikin makonni kaɗan aka tace, aka haɗa, aka fitar da fim na kusan awa ɗaya da rabi.

Watan da aka yi ɗaukar shi ne watan da Amurka ta afka wa Iraƙi, ranar 20 ga Maris. Sa'o'in waɗannan matasa na can cikin hamada da bindiga a hannu lokacin da ake wannan sharholiya a bakin ruwa.

Mene ne shi wannan hutun bazarar da ake ta magana?

Hutu ne na mako ɗaya da jami'o'in Amurka suke bayarwa a tsakiyar zangon karatu na biyu, yawanci a watan Maris. Asalin al'adar zuwa bakin teku ba ta da alaƙa da holewa. A shekarun 1930 ne masu horar da 'yan wasan ninƙaya na jami'o'in arewacin ƙasar, inda sanyi ke daskarar da ruwa, suka fara kai ɗalibansu garin Fort Lauderdale na jihar Fulorida don su yi atisaye a wuri mai ɗumi. Sannu a hankali labari ya bazu, waɗanda ba su da ruwa da wasan ninƙaya suka fara binsu. Fim ɗin Where the Boys Are na 1960 ya ƙara wa abin wuta. Zuwa 1985 ɗaliban da ke cika garin a wannan lokaci sun kai dubu ɗari uku da wani abu, har mahukuntan garin suka gaji, suka tsananta dokoki suka kore su. Daga nan taron ya koma Daytona Beach, inda MTV ta fara watsa shirinta na hutun bazara a 1986.

Me ya kai su Meksiko?

Doka da kuɗi. A 1984 majalisar Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa jihohi ɗaga shekarun sayen giya zuwa 21, in ba haka ba a rage musu kuɗin gina hanyoyi. Mafi yawan ɗaliban ajin farko da na biyu ba su kai wannan shekarun ba. A Meksiko kuwa ɗan shekara 18 zai iya saya. Kamfanonin tafiye-tafiye suka ga kasuwa, suka haɗa jirgi da otal da shiga gidajen rawa a farashi ɗaya. Haka Kankun ta zama matattara a shekarun 1990.

Su wa aka zaɓa su fito a fim ɗin?

Maza da mata ne matasa, mafi yawansu farar fata, sai 'yan kaɗan baƙar fata. Kusan dukkansu masu kyan sura ne daidai da ma'aunin mujallun Amurka na lokacin. Da ka dube su ka san ba a yi zaɓen da ka ba: an nemi kowane ya cike wani gurbi da mai kallo ya riga ya sani. Ga mai neman mata, ga tagwaye 'yan mata, ga saurayi da budurwa da ke cewa su abokai ne kawai, ga wadda ta bar saurayinta a gida, ga kuma yaron da ya zo daga Texas wanda bai taɓa sa giya a bakinsa ba.

Labarin wannan yaron shi ne ƙashin bayan fim ɗin, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. Ya zo da abin da ya bambanta shi da saura, abin da a wani fim ɗin da an tambaye shi dalili, an saurare shi. A nan sai aka mai da kamewarsa ciwon da ake jira ya warke. Ranar da ya ɗaga kofin farko, fim ɗin ya ɗauke ta ranar nasara. Duk wanda ya taɓa zama shi kaɗai marar sha a cikin taron masu sha ya san nauyin idanun nan da ke kansa, da yadda ake cewa "ɗan kurɓa kawai". Fim ɗin ya tsaya ne a gefen masu matsa masa.

To ai kun ce akwai baƙar fata a ciki. Ƙorafin me kuma ake yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin a nan mutane da yawa suke tsayawa. Sai a ƙirga fuskoki a jikin fosta, a ce ga baƙi, ga fari, ga mata, ga maza, shi ke nan an yi adalci.

Ƙirga tana da amfaninta, amma farkon magana ce. Bayan an sa mutum a gaban kyamara, sai a tambaya: minti nawa aka ba shi? Da wa aka nuna yana hira, kuma a kan me? An bar shi ya yi shiru, ya yi tunani, ya canja ra'ayi, ko kuwa daga farko har ƙarshe hali ɗaya aka liƙa masa? A wannan fim, abin da aka fi riƙewa daga baƙaƙen fatar shi ne labarin wani saurayi da ke bin wata budurwa, su biyun baƙaƙe, tana ja masa aji. Ba laifi ba ne a nuna haka. Matsalar ita ce da wuya ka fita daga silima ka san wani abu game da su da ya wuce wannan: abin da suke karantawa, yadda suke ji a taron da su ne 'yan tsiraru, ko ma wannan ne irin hutun da suka saba yi. Wanda ya samu labari mai farko da tsakiya da ƙarshe, wanda aka so mai kallo ya shiga zuciyarsa, shi ne farin yaron daga Texas.

Sannan akwai bambancin da ba na launin fata ba, wanda shi ma ba a gan shi ba.  Ina mai naƙasa? Ina wadda ke sa lulluɓi, ko wanda addininsa ya hana shi shiga irin wannan wuri? Ina wanda ke aiki a kantin sayar da abinci da dare don ya biya kuɗin makaranta? Idan ka tara mutum 16 masu launi daban-daban amma duk burinsu ɗaya, jikinsu iri ɗaya, abin da suke ɗauka jin daɗi ma ɗaya, to kwano ka canja, tuwon na jiya ne.

Ashe ɗalibai baƙar fata suna da nasu tarihin hutun daban?

Suna da shi, kuma rashin sanin wannan tarihi ne yake sa a ga kamar batun ƙaramin abu ne. A shekarar da aka fitar da Where the Boys Are, baƙar fata ba shi da ikon shiga ruwan da fararen ɗalibai ke wasa a cikinsa a Fort Lauderdale. An ware musu wani bakin teku can nesa, wanda sai da jirgin ruwa ake isa. A 1961 Eula Johnson da Dakta Von D. Mizell suka jagoranci matasa baƙaƙe suka riƙa shiga ruwan fararen da gangan. Hukumar garin ta kai ƙara kotu don a hana su, alƙali ya ƙi amincewa a 1962, daga nan wariyar ta rushe a bakin tekun. Ke nan al'adar hutun nan ta girma ne a wurin da aka yi shekaru ana korar baƙi.

Saboda haka ɗaliban jami'o'in baƙar fata suka kafa nasu taruka. A Atlanta, wani ɗan ƙaramin cin abinci a lambu da ɗalibai suka fara a 1983, don waɗanda ba su da halin zuwa gida hutu, ya girma ya zama Freaknik, taron da a tsakiyar shekarun 1990 yake tsayar da zirga-zirgar birnin cak. A Daytona Beach ma akwai taron Black College Reunion tun 1984. Waɗannan taruka suna da nasu aibin, kuma matan da suka halarci Freaknik a shekarunsa na ƙarshe sun ba da labarin cin zarafi mai muni. Amma a dubi yadda aka riƙa bayar da labarin kowanne. Fararen ɗalibai in sun yi ɓarna, sai a ce ƙuruciya ce. Baƙaƙe in sun taru, sai a cika gari da 'yan sanda, a rufe hanyoyi, wasu shaguna su kulle ƙofa. Hukumomin Atlanta sun yi ta matsa wa Freaknik har ya mutu a ƙarshen shekarun 1990.

A 1999 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta kai ƙarar wani babban otal saboda abin da ya faru a Daytona lokacin taron baƙaƙen ɗalibai. Cikin zarge-zargen har da cewa an tilasta wa baƙi baƙar fata ɗaura wani zobe mai ruwan lemo a wuyan hannu kafin su shiga otal ɗin da suka biya kuɗin kwana a ciki. Ka yi tunanin yarinyar da ta yi watanni tana tara kuɗin wannan tafiya, ta iso, a miƙo mata abin ɗaurawa a hannu, ta waiga ta ga farar da ke bayanta ba a ba ta ba. Shekara huɗu kacal ke nan kafin a ɗauki fim ɗin da muke magana a kai, kuma babu ko ƙanshin wannan tarihi a cikinsa. Sai a 2024 tashar Hulu ta fitar da cikakken fim na tarihi a kan Freaknik.

Mutanen Kankun ɗin fa, ina suke a fim ɗin da ke ɗauke da sunan garinsu?

A nan ne zuciyata ta fi sosuwa. Cikin mutum 16 da aka gina fim ɗin a kansu, ba a kawo ɗan garin an zaunar da shi ya faɗi nasa ba. Garin ya zama labule kawai: yashi fari, ruwa shuɗi, gidajen rawa.

Alhali Kankun gari ne mai labari. Kafin 1970 babu komai a wurin sai daji da gonar kwakwa da 'yan masunta ƙalilan. Gwamnatin Meksiko ce, ta hannun babban bankin ƙasar, ta zaɓi wurin don ta gina garin yawon buɗe ido da zai kawo dala. Otal-otal na farko sun buɗe a 1974, shekarar da yankin Quintana Roo, inda garin yake, ya zama jiha. Tun a kan takarda aka raba garin biyu. Akwai siririn tsibiri mai siffar lamba 7, mai tsawon kilomita 20 da 'yan kai, tsakanin teku da tafkin Nichupté, inda otal-otal suke. Sai kuma cikin gari, can a kan tudu, inda ma'aikata za su zauna. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen garin sun kusa 900,000.

Waɗanda suka sare dajin, suka ɗauki bulo, suka gina otal-otal ɗin, da yawansu 'yan ƙabilar Maya ne daga ƙauyukan Yucatán. Daga baya wasu suka biyo su daga jihohi irin su Chiapas da Tabasco. Mayawan nan ba mutanen da suka ɓace tare da tsofaffin gine-ginen Chichén Itzá ba ne. Sama da mutum 700,000 suna magana da harshen Maya na Yucatán a yau. Kakanninsu sun yi tawaye a 1847, suka riƙe wani yanki na wannan jiha da kansu har 1901, lokacin da sojojin Meksiko suka ƙwace hedkwatarsu, garin da yanzu ake kira Felipe Carrillo Puerto. Jikokin waɗannan mutane su ne ke gyara gado a ɗakunan da ɗaliban Amurka suka kwana.

Da asuba, lokacin da matasan fim ɗin suke komawa masauki suna tangaɗi, motocin bas masu lamba R-1 da R-2 sun riga sun fara sauke ma'aikata a kan titin Kukulcán. Mace ta tashi tun duhu, ta bar yara wa maƙwabciya, ta shiga mota, ta iso ta sa kayan aiki, ta tura amalanken tawul da sabulu a dogon baranda, ta ƙwanƙwasa ƙofa. Abin da za ta tarar a ɗakin bayan daren irin wannan, ita kaɗai ta sani. Tana da ra'ayi a kan waɗannan baƙi. Tana da abin da take gaya wa 'yarta game da su. Wataƙila tana murna da zuwansu saboda watan Maris ne kuɗi ke shigowa, wataƙila tana ƙyamar abin da take gani, wataƙila duka biyun. Minti biyar da ita a gaban kyamara da ya ba kalmar "haƙiƙa" da ke cikin sunan fim ɗin ma'ana.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Fim ɗin ya bi raɓar da kyamara kwana 10.

Yaya aka nuna mata?

Suna da yawa a fim ɗin, ba a rage su a lissafi ba. Amma mai kallo yakan ga jikinsu kafin ya ji maganarsu. Wurin da aka fi tallata fim ɗin da shi shi ne wata gasa da ake zuba wa 'yan mata ruwa a jiki a kan dandamali, maza na ihu a ƙasa. Ba a tsaya a kan tambayar da ta kamata ba: wadda ta sha ta bugu, yardarta yarda ce? A wannan zamanin ne kamfanin Girls Gone Wild yake sayar da faifan bidiyo na 'yan matan da aka ɗauka a irin waɗannan wurare, kuma a 2006 kamfanin ya amsa laifi a kotun tarayya kan rashin ajiye shaidar shekarun waɗanda ya ɗauka. Iskar da ke kaɗawa ke nan lokacin da aka yi fim ɗin. Yarinya ta sa hannu a takarda tana da shekara 19 ko 20, hoton kuma zai bi ta har ta yi jikoki.

Tun da ba a rubuta musu labari ba, ta yaya za a ɗora wa masu shiryawa laifi? Ba abin da ya faru suka nuna ba?

Abin da ya faru ne, amma ba duka ba. Lissafa da kanka: mutum 16, kwana 10, kyamarori da yawa. Abin da aka naɗa ya ninka abin da aka nuna sau ɗaruruwa. Wani ne ya zauna a ɗakin tacewa ya yanke cewa wannan dariyar za ta shiga, wancan kukan ba zai shiga ba. Kafin nan ma wani ne ya zaɓi su wa za a kai, ya zaɓi masaukin, ya shirya fita yawo da gidajen rawar da za a je, ya gayyato mawaƙa irin su Snoop Dogg da Simple Plan su yi wasa.

A wannan sana'a akwai dabarar da aka sani, ta yanko kalmomin mutum daga hirarraki daban-daban a ɗinke su su zama jimla ɗaya. Akwai kuma ta ɗauko fuskar da mutum ya yi da safe a manna ta bayan maganar da wani ya yi da dare, sai ka rantse martani yake mayarwa. Ban ce an yi haka a kowane wuri na wannan fim ba. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, rashin rubutaccen labari ba ya nufin babu marubuci. Marubucin yana ɗakin tacewa, almakashi ne alƙalaminsa.

Ko masu shirya fim ɗin ba su san da wannan batu ba ne?

Sun sani sarai, kuma shi ya sa abin ya fi ciwo. Su ne mutanen da a zangon farko na The Real World, a New York a 1992, suka nuna doguwar gardama a bakin titi tsakanin Kevin Powell, marubuci baƙar fata, da wata farar yarinya daga Alabama a kan wariyar launin fata. Matasan Amurka da yawa a nan suka fara jin irin wannan magana ba tare da rufa-rufa ba. A 1994, a zangon San Francisco, sun sa Pedro Zamora, matashi haifaffen Kuba mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, a lokacin da mutane ke gudun masu ita. Ya rasu ranar 11 ga Nuwamba, 1994, sa'o'i kaɗan bayan an nuna kashi na ƙarshe, har shugaban ƙasa Bill Clinton ya yaba da yadda ya wayar da kan jama'a.

Ke nan sun iya bai wa wanda aka saba mantawa da shi fili. A Kankun sun zaɓi kada su yi, saboda sun ɗauka abin da zai cika silima daban ne.

Ya cika silimar?

Bai cika ba. An kashe kusan dala miliyan 7.5 wajen yin sa, abin da ya tara a gidajen kallo bai kai haka ba. Masu sharhi sun yi kaca-kaca da shi, har ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa don kyautar Razzie ta fim mafi muni na shekarar.

An samu canji tun daga 2003?

An samu, a wajen lissafi. A 2006 shirin Survivor ya raba 'yan takara rukuni huɗu bisa launin fata da asali, abin da ya jawo surutu sosai. Yul Kwon, Ba'amurke ɗan asalin Koriya, shi ya lashe wannan zango. Shirin neman aure na The Bachelor ya fara a 2002, amma sai a 2021 aka samu baƙar fata namiji, Matt James, a matsayin tauraronsa. Rachel Lindsay ta riga shi a ɓangaren mata a 2017. Bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ya mutu a hannun ɗan sanda a 2020, tashar CBS ta yi alkawarin cewa aƙalla rabin mahalarta shirye-shiryenta na zahiri za su zama waɗanda ba farar fata ba. A shekarar da ta biyo baya Xavier Prather ya zama baƙar fata na farko da ya lashe babban shirin Big Brother na Amurka, bayan sama da shekara 20 ana yin sa.

Wannan ci gaba ne, ba zan raina shi ba. Mutum ɗaya a cikin taron da ba nasa ba yakan zama wakilin dukan jinsinsa, duk abin da ya yi a ce "haka suke". In sun yi yawa, sai kowa ya samu damar zama kansa. Inda har yanzu ake tafiyar hawainiya shi ne bayan kyamara, wurin masu zaɓen 'yan wasa da masu tacewa, da kuma batun 'yan garin da ake zuwa ɗaukar shiri a ƙasarsu. Ana ci gaba da kai shirye-shiryen soyayya da na gasa bakin tekun Meksiko da Fiji da wasu wuraren, masu wurin kuwa sai dai ka hange su suna tuƙa jirgin ruwa ko suna ɗauke da faranti.

Me ya haɗa Bahaushe da wannan magana?

Mun san ɗanɗanonta. Shekara nawa muka yi muna kallon finafinan kudancin Najeriya inda Bahaushe ba ya fitowa sai a matsayin mai gadi, da 'yar hula da rediyo a kunne, yana kwaɓa Turanci ana dariya? Wanda ya shirya fim ɗin zai ce ai ya sa ɗan Arewa. Ya sa shi kam, amma ba ya da iyali, ba ya da tunani, ko suna ma wani lokaci ba ya da shi sai "aboki". Na taɓa zama a ɗakin kallo a wani masauki tare da mutanen da ba Hausawa ba, irin wannan mai gadin ya fito, ɗakin ya kece da dariya, wani ya juyo ya dafa kafaɗata yana cewa ga ɗan'uwana. Ba da mugunta ya faɗa ba. Abin da aka nuna masa ke nan tun yana yaro. Na ji wani abu ya tokare mini ƙirji, kuma shi nake tunawa duk lokacin da na tuna matar nan mai amalanken tawul.

Mu ma sai mu duba namu. Yadda finafinanmu suke nuna baƙauye, da Bafulatanin daji, da mai naƙasa, da wanda ba Musulmi ba, yana buƙatar a yi masa tambayoyin nan da muka yi wa fim ɗin Kankun.

Ɗana ko ƙanwata za su tafi karatu Amurka. Haka ɗaliban can suke duka?

A'a, kuma wannan ma yana cikin ɓarnar da irin wannan fim ya yi. A 2003 ɗaliban manyan makarantun Amurka sun haura miliyan 16. Mata sun fi maza yawa a cikinsu. Kaso mai tsoka suna ƙananan kwalejojin shekara biyu ne na unguwa, da yawa sun haura shekara 25, wasu da aure da 'ya'ya. Ga irin waɗannan, mako ɗaya ba aji dama ce ta ƙara awannin aiki, ko zuwa ganin iyaye, ko kammala aikin makaranta da ya taru. Tafiya Kankun sai mai kuɗin jirgi da otal da takardar fita ƙasa.

Akwai ma waɗanda suke ba da makon ga aikin taimako. Ƙungiyar Habitat for Humanity ta fara kai ɗalibai gina wa marasa galihu gidaje a lokacin wannan hutu tun 1989, ɗaliban jami'ar Vanderbilt kuma suka kafa ƙungiyar Break Away a 1991 don shirya irin waɗannan tafiye-tafiye. Bayan guguwar Katrina ta 2005, dubban ɗalibai sun shafe hutunsu na Maris 2006 a New Orleans da gaɓar Mississippi, sanye da safar hannu da abin rufe hanci, suna fitar da ruɓaɓɓun katifu da laka daga gidajen mutanen da ba su taɓa sani ba.